Neman shawara: motar Corvette mai ɗaga gaba zan ɗauko ko wadda ba ta ɗagawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Tun ina yaro nake da burin motar tsere. Marigayi mahaifinmu direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Sakkwato zuwa Legas, ni kuma a bakin garejin da yake kai gyara na tashi, ƙarar inji ta shiga jinina. Alhamdu lillahi Allah ya buɗa min a harkar albasa da fata. Na yi gida, na kai Hajiyarmu Makka, na aurar da ƙannena mata, ba wanda yake bi na ko sisi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce na bar farilla na kama nafila.

Ƙanin matata da ke Amurka ya samo min Corvette C8 guda biyu, duka ƙirar 2021. Ɗaya tana da na'urar nan da ake danna maɓalli gaban motar ya ɗaga sama, ɗayar ba ta da ita. Mai ɗagawar ta fi tsada da kusan dala 4,000, kuma ja ce, ni kuwa farar, wato marar ɗagawar, ce ta kwanta min. Ƙanin matar tawa yana cewa kada in kuskura in kawo marar ɗagawa Najeriya. Dillalin da zai fito min da ita daga tashar jirgin ruwa kuma ya ce kayan lalacewa ne kawai zan ƙara wa kaina. Ga kuɗin jirgi, ga na kwastan, ga canjin dala. Wanne zan bi?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri Alhaji. Amma ba ka faɗa mana unguwar da kake ba, kuma ƙofar gidanka yaya take? Amsar tana nan.

Injiniya:
Alhaji, ɗauki mai ɗagawa ka rufe maganar. Bari in yi maka bayani, don na ga dillalinka bai san motar ba. Tsakanin cikin C8 da ƙasa kusan santimita 13 da rabi ne. Camry ƙirar 2021 kusan 14 da rabi ce, ka ga tazarar ba wata mai yawa ba ce. Abin da ke cutar Corvette shi ne hancinta dogo ne, ya yi gaba sosai ya bar taya a baya, shi ya sa kafin taya ta fara hawa tudu leɓen bamba ya riga ya daki siminti. Na'urar da ruwan haidirolik take aiki. Akwai famfo da ke tura ruwan zuwa shokozoba biyu na gaba, su ɗaga hancin kimanin milimita 40 cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Tana aiki ne in gudunka bai kai kilomita 40 a awa ba, da ka wuce haka ta sauka da kanta. Kuma tana iya riƙe wurare har 1,000 da GPS, wato ka nuna mata ƙofar gidanka sau ɗaya, gobe da ka tunkaro ta ɗaga ba sai ka taɓa komai ba.

Sannan a motar nan inji yana bayan direba, amma lagireto suna gaba, ɗaya dama ɗaya hagu a bayan bamba. Ranar da ka maka hancin a kwalbati da ƙarfi ba fenti kaɗai za ka nema ba.

Ɗan Mabera:
Injiniya milimita 40 hwa kac ce, yatsa biyu ke nan. Ka taho Mabera ga Agusta ka gani, ruwa na kwance bisa hanya ba ka ganin ramen da ke ƙasa nai. Bara ni da Golf ɗina munka kwana cikin ruwa, sai da yara sunka turo ta. Kullum ana cewa za a gyara magudanan ruwa, mu dai muna nan muna kwasar laka cikin ɗakuna. Ga tudun rage gudu da kowa ka zubawa ƙohwar gida nai da siminti da buloli, ba awo ba komi.

Mai tambaya:
Ɗan uwa ba Mabera zan kai ta ba. Ina da Hilux ta zuwa kasuwa da ƙauye. Wannan ta yamma ce, in bi Ahmadu Bello Way, in zaga titin Maiduguri, wani lokaci in miƙa hanyar filin jirgi in dawo. Shi ya sa nake ganin kamar ba na bukatar abin.

Injiniya:
To ka sayi fetur a ina? Duba yadda mashigar yawancin gidajen man garin nan take, daga kwalta sai gangare sai hawa. Ka je ɗaurin aure, ka je asibiti, ka shiga otal, ko'ina akwai murfin kwata mai tudu. Kuma akwai abin da ban faɗa ba. Lokacin da motar ta fito a 2020, kamfanin ya sa wa na'urar dala 1,495, kuma ba a sa ta a ƙaramin aji wato 1LT, sai 2LT da 3LT. Tambayi surukinka ajin farar. In 1LT ce, dala 4,000 ɗin nan ba kuɗin ɗagawa kaɗai ba ne, har da kyamarar gaba da ke nuna maka leɓen bamba lokacin fakin. Kai mota biyu daban kake kwatantawa.

Usta Bakanike:
Injiniya abin da kah hwaɗi gaskiya na ga takarda. Amma mu ad da hannu cikin baƙin mai. Duk abin da ke da ruwa da roba da waya, zahin Sakkwato na Afrilu da ya wuce digiri 40 da ƙurar hunturu sai sun gwada shi. Robar ta bushe, ruwa shi fara tsiyaya, ƙura ta manne. Rannan da ta ɗaga ta ƙi sauka ko ta nuna wuta ga allo, wa za ka kai ma? Ba ka samun kayanta ga 'yan sifiya na garin ga, sai an yi oda, kuma sai mai kwamfutar da ta san motar. Ni shawarata, ɗauki marar ɗagawa, ka koyi shiga tudu a karkace, taya guda ta hau sannan guda ta bi. Ka sa a ɗaura maka robar kariya ƙarƙashin bamba, ita ta ci gurzar.

Alhajin Gawon Nama:
Usta ya faɗi gaskiya. Na taɓa mallakar wata mota mai shokozoba ta iska, ba zan kira sunanta ba. Na wayi gari na tarar ta durƙusa a gefe ɗaya. Wani mai sayar da kaya a Legas ya karɓi kuɗina ya aiko min da tsohon famfo a kwalin sabo, har yau in na kira shi ba ya ɗauka. A ƙarshe cire komai muka yi muka sa sifirin. Tun daga nan na yi sallama da duk motar da ke hawa da sauka.

Injiniya:
Alhaji da girmanka, wannan daban wancan daban. A taka iska ce ke ɗauke da nauyin motar dare da rana, in ta zurare dole ta durƙusa. A Corvette sifirin na ƙarfe ne ke ɗauke da mota, na'urar ƙari ce a kai. In ta mutu ka koma daidai da mai farar, ba ka rasa komai ba sai ɗagawar. Porsche ma irin wannan suke sa wa 911, ita ma kusan milimita 40. Usta, shiga a karkace dabara ce mai kyau, amma a layin da mai Keke Napep ke bayanka, ɗan kabu-kabu na gefenka, ina filin karkacewar?

Hajiya ta Arkilla:
Ni dai roƙona ga masu irin motocin nan, ku ji tsoron Allah da hakkin maƙwabta. Wani a layinmu ya kawo mota mai ja da ciki, ya zuba siminti daga get ɗinsa har rabin hanya don ta samu hawa, ya toshe kwata. Yanzu da an yi ruwa zaurena yake shiga. Mun kai ƙara wurin mai unguwa, an ce a yi haƙuri. Ɗana, in abin nan zai hana ka cin hanyar jama'a, saya ko nawa ne.

Mai tambaya:
Hajiya Allah ya ba da haƙuri, ni ba zan yi haka ba. Gidana akwai ɗan hawa a get, amma mai yi min intalok ya ce zai kwantar da shi ta ciki. Kuɗin aikin bai kai kwatan na na'urar ba. Injiniya na gode ƙwarai, sai dai ka duba, ja a garin nan ido take jawowa, Hajiyarmu ma ba za ta so ba. Kuma farar ba ta yi tafiya da yawa kamar jar ba.

Baban Ummi:
Wannan maganar tafiyar ai da ita ya kamata ka fara. Mil nawa kowacce ta yi? An taɓa buga wata a ciki? Ka karɓi lambar bodi a duba tarihinsu, don da yawa cikin masu zuwa daga gwanjon Amurka masu haɗari ne aka gyara.

Wani ɗan uwa:
Ana iya sa mata daga baya ai. Akwai kamfanin KW na Jamus da ke yin irin ta haidirolik. Ya ɗauki farar, in ya ga tana gurza ya yi oda.

Injiniya:
Ta kamfani ce Usta ke tsoron ba mai gyarawa, sai wadda za a kwance shokozoba a ja sabbin bututu da waya a nan? Kuma ba lallai ta zo da arha ba. Launi kuwa ana naɗe mota da leda ta koma fara. Sannan ranar sayarwa, masu kuɗin Abuja da Legas da suka san motar, tambayar farko ita ce tana ɗagawa? Abu ɗaya zan yarda da Ɗan Mabera: gaba kawai take ɗagawa. Tudun da ya yi tsini da yawa zai taɓa cikinta ko da ta ɗaga, irin wannan layin sai dai a canja hanya.

Usta Bakanike:
Leda bisa mota ga ranar Sakkwato? Injiniya ka taho gareji in gwada maka wadda anka naɗe, duk ta tattare ga rufi.

Mai tambaya:
Na tura wa surukina saƙo kan ajin farar da lambar bodi, can dare ne bai amsa ba. Mai motocin ya ce zuwa Juma'a in ban ba da kafin alƙalami ba zai sayar. Har yanzu zuciyata tana kan farar, don ni na san yadda nake tuƙi, ba na gaggawa. Usta, robar kariyar nan ana samunta a Kano ko ita ma a sako ta cikin motar daga can?

Ɗan Mabera:
Wai shin fetur ɗin da za ka zuba mata hwa? Ba wanda yat taɓo wagga magana.