Zauren Masu Kallo: me zan kalla ko in karanta don in gane kasuwar finafinan su Spider-Man?

Zainab Mai Zane: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kullum sai in ji ana cewa fim kaza na Marvel ya tara dala biliyan ɗaya, fim kaza kuma ya sha ƙasa, ni dai ban san yadda ake wannan lissafin ba. Ina ɗan zana labarai a waya, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Me za ku ba ni shawara in kalla ko in karanta? Ba wanda ya fi daɗi nake tambaya ba, wanda zai nuna mini yadda kasuwar take.

Abba: Wa alaikumus salam Anti Zainab. Ba sai an ja zance ba, ki kalli Avengers: Endgame. A 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8, ya ture Avatar daga kan gaba. Sai da aka sake haska Avatar a Chaina a 2021 sannan ya karɓe kambunsa. Wannan shi ne ƙololuwa.

Malam Bashir: Abba ka fara mata daga ƙarshe. Malama Zainab, kafin ki kalli komai ki riƙe wannan: kuɗin da ake shela cinikin tikiti ne, ba riba ba. Gidajen sinima suna ɗauke kusan rabi. A Chaina ma abin da ke komawa hannun kamfanin Amurka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sannan akwai kuɗin talla, wanda ba a haɗa shi a cikin kuɗin shirya fim da ake faɗa, kuma ga manyan finafinai yakan haura dala miliyan 100. Shi ya sa 'yan kasuwar ke cewa sai fim ya ninka kuɗin da aka kashe masa sau biyu da wani abu kafin a ce uwar kuɗi ta dawo.

Shawarata ki buɗe shafin Box Office Mojo ko The Numbers, ki ɗauki finafinai biyu ki jera. Misali Joker na 2019: abin da aka kashe masa bai kai dala miliyan 100 ba, ya haura biliyan ɗaya. Na biyunsa na 2024 ya ci kusan miliyan 200 wajen shiryawa, ya tara kusan miliyan 200 ɗin. Wanda bai san lissafi ba zai ce ai an tashi ba ci ba asara. Alhali asara ce mai kauri.

Yaya Hadiza: Zainab ƙanwata, in kina iya juriyar karatun Turanci, ki nemi littafin Sean Howe, Marvel Comics: The Untold Story, na 2012. Shi ne ya fi buɗe mini ido. Mutane suna ganin Marvel yau su ɗauka haka ya tashi da arziki. A watan Disamba na 1996 kamfanin ya je kotu ya ce ya karye.

Yadda abin ya faru ya fi kowane fim nasu ban sha'awa. A farkon shekarun 1990 labari ya bazu cewa tsofaffin mujallun zane suna tsada a gwanjo, sai jama'a suka shiga saye ba don karatu ba, don ajiya. Kamfanonin kuma suka ga banza ta faɗi. X-Men na ɗaya da Jim Lee ya zana a 1991 an buga shi da bango iri biyar, don mutum ɗaya ya sayi biyar, aka sayar wa shaguna sama da kwafi miliyan 8. A 1992 DC, kamfanin da ke gogayya da Marvel, suka kashe Superman. Mujallar ta zo a cikin baƙar leda a liƙe, da baƙin ƙyalle na ɗaurawa a damtse a ciki, irin na masu makoki. Mutane suka yi layi suka saya, da yawa ko farke ledar ba su yi ba, wai kada daraja ta faɗi. To abin da kowa ya ɓoye ta ina zai yi tsada? Kamar a ce duk gari kowa ya cika rumbu da gero yana jiran ranar da gero zai yi wuya. Bayan 'yan watanni Superman ya dawo da ransa, masu ajiya suka gane, suka watse. Shagunan mujallu dubbai suka rufe.

Marvel kuma a lokacin yana hannun attajiri Ron Perelman, wanda ya saye shi a 1989 ya yi ta lafta masa bashi, yana sayen kamfanonin kati da na sitika, har da na rarraba mujallu. Da kasuwa ta juya baya babu inda za a dafa. A 1998 kamfanin kayan wasan yara, Toy Biz, na su Ike Perlmutter da Avi Arad, shi ya kwashe abin da ya rage.

Abba: Yaya Hadiza wallahi ban san Superman ya taɓa mutuwa a takarda ba, na ɗauka a fim ne kawai.

Malam Bashir: Bari in ɗora daga inda Hajiya ta tsaya. A shekarun talaucin ne jaruman Marvel suka watsu a hannun wasu: X-Men da Fantastic Four a Fox, Spider-Man a Sony. Spider-Man na 2002 shi ne fim na farko da ya haura dala miliyan 100 a ƙarshen makon da ya fito a Amurka, amma kaso mai tsoka na Sony ne. Marvel na kallo wasu na cin gajiyar ɗansa. Sai a 2005 suka ciyo bashin dala miliyan 525 daga bankin Merrill Lynch don su riƙa yin finafinansu da kansu, suka ba da jinginar haƙƙin fim na wasu jarumai goma, ciki har da Captain America da Black Panther. Da abin ya ƙi, da sun rasa su.

Don haka fim ɗin da zan ce ki kalla da idon ɗan kasuwa shi ne Iron Man na 2008. Jarumin ba ya cikin waɗanda duniya ta sani sosai a lokacin, Robert Downey Jr. da ya fito a matsayinsa kuma kamfanoni na ɗar-ɗar da shi saboda tarihinsa da ƙwaya. Ya tara kusan miliyan 585. Shekara ɗaya bayan haka Disney ta saye Marvel a kan kusan dala biliyan 4, wasu na cewa ta yi wauta. The Avengers kaɗai ya kawo biliyan 1.5 a 2012.

Abba: Malam to me ya sa Sony ba za su mayar musu da Spider-Man ba kowa ya huta? Su Morbius da Madame Web ɗin nan da Sony ta yi ai ɓata wa mutane lokaci ne. Anti Zainab kada ma ki ƙona data a kansu.

Malam Bashir: Wa zai mayar da kaza mai ƙwai? Spider-Man: No Way Home ya tara biliyan 1.9 a 2021, ana tsakiyar korona, kuma ba a haska shi a Chaina ba. Tun 2015 suka yi yarjejeniya da Disney shi ya sa kake ganin sa tare da su Iron Man. Abin da mutane ba sa lura da shi, haƙƙin kayan wasa da riguna da jakunkunan makaranta masu hoton Spider-Man yana hannun Disney, Sony ta sayar da rabonta tun 2011. Ko wane ne ya yi fim ɗin, in yaro ya kafe sai an saya masa jakar, Disney ce ke dariya.

Baba Lawal: Salamu alaikum. Ni zamaninmu na Indiya ne da na Chanis a Marhaba da Plaza, waɗannan masu tashi sama jikokina ne suka koya mini su. Amma 'yata Zainab, tunda kin ce kina zane, ga labarin da ya shafe ki. Samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙirƙiro Superman. A 1938 suka sayar da shi kacokan a kan dala 130. Suka yi ta shari'a ba su ci ba, har tsufa ya kama su a cikin rashi. Sai a 1975, ana shirin yin babban fim, surutu ya yi yawa, kamfanin ya yanka musu dala 20,000 duk shekara tare da mayar da sunayensu a kan aikin. Ita kanta takardar cakin da aka biya su kuɗin da ita an sayar da ita a gwanjo a 2012 a kan dala 160,000. Kwafi ɗaya na mujallar da ya fara fitowa a ciki kuwa dala miliyan 6 aka saye shi a 2024.

Zainab Mai Zane: Innalillahi. Baba wannan ai zalunci ne ƙarara.

Yaya Hadiza: Ba su kaɗai ba. Bill Finger, wanda ya yi rabin aikin Batman ko fiye, sai 2015 aka fara rubuta sunansa, shekaru arba'in da wani abu bayan mutuwarsa. Iyalan Jack Kirby, mai zanen da ke da hannu a ƙirƙirar jaruman Marvel da yawa, sai 2014 suka sasanta da Marvel, ana dab da shiga kotun ƙoli. Ed Brubaker, wanda ya fito da Winter Soldier, ya faɗa da bakinsa cewa abin da yake samu daga ɗan fitowar da ya yi a fim ɗin ya fi abin da aka ba shi na ƙirƙirar jarumin. Ƙa'idarsu ita ce aikin lada: an biya ka shafi, abin da ka zana na kamfani ne.

Shi ya sa zan ce ki karanta tarihin Image Comics. A 1992 manyan masu zanen Marvel, su Todd McFarlane da Jim Lee da Rob Liefeld, suka fice suka kafa nasu, a kan sharaɗin kowa shi ke da abin da ya ƙirƙira. Daga nan The Walking Dead da Invincible na Robert Kirkman suka fito. Ba kowa ne ya yi arziki a can ba fa, da yawa mujallarsu ko kuɗin bugu ba ta mayar ba. Amma wanda tasa ta karɓu, shi ke zaman ciniki da masu fim.

Issoufou Maraɗi: Sannunku da hira. Ni ina ganin kun manne wa Amurka da yawa. Mu nan da Faransanci muke karatu, kuma abin da ke zuwa mana daga Faransa yanzu manga ne, wato labaran zane na Japan, su One Piece da Naruto. Faransa na cikin manyan kasuwanninsa a wajen Japan. A Amurka ma in ka duba littattafan zane da suka fi fita a shagunan littafi, manga ne da na yara irin Dog Man, ba su Batman ba. Finafinan sun tara biliyoyi amma ba su ja jama'a zuwa ga mujallar wata-wata yadda aka zata ba. Diamond, dillalin da ya riƙe rarraba mujallu shi kaɗai fiye da shekara ashirin, DC ta bar shi a 2020, Marvel ta bi a 2021, a Janairun 2025 ya je kotu ya ce ya karye. Malama Zainabu ki kalli Demon Slayer: Mugen Train. Zane ne, kuma shi ya fi kowane fim ciniki a duniya a 2020.

Abba: Malam Issoufou a 2020 fa sinimomi a rufe suke, wa ya fito da zai kara da shi? A yi adalci.

Issoufou Maraɗi: Gaskiyarka, amma dala miliyan 500 ba a tsintar ta a ƙasa ko da korona.

Maman Khairat: Ni tambayata, wai da gaske mutane sun gaji da finafinan nan? Don ni dai na gaji. Bayan Endgame sai ka kalli shiri uku a Disney+ kafin ka gane wace ce wannan da ta faɗo cikin fim. Mai yara huɗu ina ta ga wannan lokacin?

Malam Bashir: Hajiya lissafi yana bayanki, amma ba duka ba. Captain Marvel ya haura biliyan 1.1 a 2019, na biyunsa The Marvels ya tsaya a kusan miliyan 206 a 2023, mafi ƙanƙanta a duk jerin. The Flash bai kai miliyan 300 ba. Batgirl ma an kashe masa kusan miliyan 90, Warner suka kulle shi a 2022 ba wanda ya gani, suka gwammace su cire asarar daga haraji. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da kansa ya amsa cewa sun yawaita, za su rage. Amma Deadpool & Wolverine ya zo a 2024 ya tara biliyan 1.3. A ganina abin da ya ƙare shi ne zamanin da tambarin Marvel kaɗai ke cika sinima. Kuma fim ɗin da aka kashe wa miliyan 200 ba ya da damar zama matsakaici. Superman na James Gunn ya haura miliyan 600 a 2025, har yanzu ana gardama ko nasara ce ko dai an tsira da mutunci ne kawai.

Abba: Shi ya sa suka koma suka ɗauko Downey a matsayin Doctor Doom. Tsoro ne, ba komai ba.

Yaya Hadiza: Zainab kada in manta, ki duba na kusa da gida. Iwájú, wanda Kugali suka yi da Disney, ya fito a 2024, labarin Legas ne ta nan gaba. Roye Okupe, marubuci ɗan Najeriya, kuma ya fara da buga littattafansa da kansa, kamfanin Dark Horse suka ɗauka, littafinsa Iyanu ya zama shirin talabijin a 2025. Hirarrakinsa suna YouTube, yana bayanin yadda ya tara kuɗin bugu daga masu karatu. Kasuwar kallo ma tana nan: Wakanda Forever, wato Black Panther na biyu, ya haura naira biliyan ɗaya a sinimomin yankinmu, kafin Funke Akindele ta zo ta wuce shi da fim ɗin gida.

Maman Khairat: Black Panther na farko shi kaɗai ne na kalla sau biyu ban yi gyangyaɗi ba.

Malam Bashir: Shi ma darasi ne. An daɗe a Hollywood ana cewa fim mai baƙaƙen fata zalla ba ya ciniki a ƙetare, ya zo a 2018 ya tara biliyan 1.3. Akwai wani littafin na 2023, MCU: The Reign of Marvel Studios, ya kawo rigimar cikin gida da aka sha tsakanin Kevin Feige, mai jagorantar finafinan Marvel, da ɓangaren Perlmutter kafin a amince da irin waɗannan finafinan. Ya fi na Howe sauƙin karatu, sai dai bai shiga harkar mujallu sosai ba. In ɗaya za ki iya saya, tunda zane kike yi, na Howe za ki ɗauka.

Zainab Mai Zane: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta Iron Man, Joker ɗin guda biyu, da Iwájú. Yaya Hadiza littafin naki na takarda ne ko na waya?

Yaya Hadiza: Na takarda ne, yana wurin ƙanen mijina a Zariya. In ya shigo ƙarshen wata zan ce ya taho da shi, sai ki aiko a karɓa.

Abba: Anti ki ƙara da The Dark Knight a jerin nan don Allah. Shi ma 2008 ya fito, ya haura biliyan ɗaya, kuma babu wanda ya ambace shi tun ɗazu. Wannan zauren duk 'yan Marvel ne.

Issoufou Maraɗi: Kai ka fara kawo Endgame, Abba.