Abin da aka tattaro daga hirar mata kan maganin sanyi

Inda aka fi daɗewa a tattaunawar shi ne kalmar da muke jibga wa komai: sanyi. Ƙaiƙayin gaba, farin ruwa mai ƙarni, zafin fitsari, duk suna ɗaya muke ba su, alhali cututtukan daban ne. Ungozomar da ke cikinmu ta ce ƙaiƙayi mai farin ruwa kamar kindirmo yawanci ba bakteriya ke kawo shi ba, don haka antibayotik ba ya kashe shi, sai ma ya ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa gwajin fitsari ko na ruwan gaba ya kamata ya riga magani.

Ta tsawatar sosai kan sayen kafson "ja da yalo" biyu-uku a kemis. Idan likita ya rubuta antibayotik irin su metronidazole na kwana 7, a cika kwanakin ko da an ji sauƙi a rana ta uku, domin ƙwayoyin cutar da suka tsira sukan dawo, maganin kuma ya daina kama su. Kada a ba ƙawa ragowar.

Mai juna biyu ko shayarwa ta faɗa wa likita tun farko. Misali, antibayotik ɗin da ake kira doxycycline bai dace da mai ciki ba.

Abin da ya fi damuna, wanda aka yi ta kunyar faɗa: in cutar ta saduwa ce, dole maigida da abokan zama su sha magani tare, a dakata da saduwa har a gama. A kuma daina wanke cikin gaba da sabulu ko Dettol. Zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani kuwa, asibiti a ranar.