Me ya sa Metallica na yanzu ba sa ƙara irin na wasan Mosko na 1991?

Ɗan Farin Gada: Salamu alaikum, manyanmu. Duk mai son kiɗan metal ya san wasan filin jirgin Tushino a Mosko, ranar 28 ga Satumba 1991, inda ƙungiyoyin mawaƙa Metallica da AC/DC da Pantera suka yi wa dubban ɗaruruwan mutane wasa kyauta. In ka gwada shi da wasannin Metallica na yanzu, sai ka ji kamar ba su ba. Tsufa ne kawai, ko kayan kiɗan suka sauya? Kuma yaya mai jita a nan Jos zai kusanci wancan sautin?

Malam Garba Rayfield: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sauyin ya riga Mosko farawa. Cliff Burton, mai kaɗa musu jitar bas, ya rasu a haɗarin mota a Suwidin a 1986, Jason Newsted ya gaje shi, kuma a faifan 1988 da ƙyar ake jin bas ɗinsa. A 1991 Bob Rock ya shirya musu faifan da ake kira Black Album, ya rage gudu, ya dawo da bas, ya ba ganguna nauyi. Wannan sabon nauyin, haɗe da zafin tsofaffin waƙoƙi, shi kake ji a Mosko.

Babban bambancin da kunnenka ke kamawa shi ne saiti, wato matakin sautin da ake ɗaure tsirkiyar jita a kai. A 1991 yawancin waƙoƙin a E suke. Tun tsakiyar shekarun 1990 suka sauke tsirkiya rabin mataki zuwa E filat a wasanninsu, don sauƙaƙa wa muryar Hetfield, mawaƙinsu kuma mai jita. Sauti ya yi kauri, amma kaifin nan ya ragu. A ganina hikima ce. Dubi ƙungiyar Iron Maiden: da mawaƙinsu Dickinson ya tafi a 1993 suka ɗauko Blaze Bayley mai murya ƙasa-ƙasa, ba su sauke masa saiti ba, ya yi ta wahala da tsofaffin waƙoƙi har Dickinson ya dawo a 1999.

Ladi Tudun Wada: Malam ya gama tarihi, ga na aiki. Bar jitarka a E, sa tsirkiya mai kauri 10-46. Hetfield na amfani da fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) na kamfanin EMG masu batir ɗin bolt 9. In naka irinsu ne kuma sauti ya fara shaƙewa, batir za ka fara dubawa. A amfilifaya, kuskuren da kowa ke yi shi ne murɗa gen (maɓallin da ke ƙara wa sauti kaushi) har ƙarshe. Tsaya a 5 ko 6. Rage mid (maɓallin tsaka-tsakin sauti) zuwa 3 ko 4, kada ka kashe shi, domin da ganga ta shigo jitarka za ta ɓace. Sauran aikin na hannun dama ne: duka ƙasa zalla, gefen tafin hannu a kan gada (inda tsirkiya ke ɗaure a jikin jita) yana danne tsirkiya. Fara da metironom (na'urar ƙidayar bugu) a bugu 120 a minti, ƙara biyar-biyar. Wasu waƙoƙin 1986 sun wuce 200, kuma in kafaɗa ta ƙage, daga kafaɗa kake duka maimakon wuyan hannu.

Ɗan Farin Gada: Na gode, Yaya Ladi. In kuma ana son E filat ɗin fa, murɗa kunnuwan jita kawai za a yi?

Injiniya Bukuru: A'a, ɗan'uwa. Da ka sassauta tsirkiya, jan da take yi wa wuyan jita ya ragu, sai ta fara zuza a kan firet, wato ƙarafan da ke jere a wuyan jita. Koma tsirkiya mai kauri 10-52 ko 11. Danna tsirkiyar mai kauri a firet na farko da na ƙarshe, duba na 8: ratar ta zama kamar 0.25 na milimita. In babu rata, sassauta ƙarfen cikin wuyan da makullin alen, kwata ɗaya na zagaye, ka bar shi ya kwana kafin ka ƙara. Mai gada samfurin Floyd Rose, wadda sifirin ke riƙe da ita, sai ya buɗe bayan jita ya sassauta sifirin har gadar ta kwanta daidai. Ka sake wannan awon idan hunturu ya shigo, don bushewar Jos tana motsa katako har bakin firet ya riƙa kartar hannu. Ƙugin da kake ji in an tada janareta kuwa yawanci rashin wayar ƙasa ne a soket, ka gyara ta kafin ka kashe kuɗi a kan feda, na'urar gyaran sauti da ake takawa da ƙafa.