Talibambam ɗina sun daina ci, nauyinsu na raguwa, ga difens (ranar kare furojet) ya matso

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina aji huɗu, furojet ɗina a kan saurin girman talibambam ne da yawan oksijin da suke sha, a kan abinci iri biyu: dafaffen alayyahu da abincin kifi. Ni fa tun farko kifi na so, malamin da ke duba aikina ya ce an yi kifi har an gaji. Ƙanena ne ya ɗebo min su a kududdufin bayan unguwarmu bayan ruwan farkon Agusta, har takalminsa ya bari a taɓo. Lab ba wuri, na jera robobi a gida, kullum Umma na faɗa wai na mai da mata tsakar gida fadama. Da farko nauyi na ta hawa. Yanzu na roba biyu sun daina ci, sikeli na nuna suna ramewa, kuma adadinsu na raguwa ba na ganin gawa. Malamin ya yi tafiya, ba ya ɗaga waya. In sake daga farko ne?

Mai kifi: Yunwa ce, ƙanwata. Ƙara musu abinci, ki zuba ɗan gishiri. Haka nake wa tarwaɗata.

Tsohon ɗan lab: Kul ki zuba gishiri! Fatar kwaɗo ba ta kifi ba ce. Ɗiyata, tambaya ɗaya: hannuwan gaba sun fito? In sun fito, ba abin da ya lalace. A jadawalin Gosner na 1960, wanda ya kasa girman talibambam mataki-mataki, mataki 46 ne, kuma daga na 42 zuwa na 46 talibambam ba ya ci. Bakinsa sake shi ake yi, doguwar hanjin nan ta cin ganye tana gajercewa. Da kitsen da ya tara da wutsiyarsa da ke narkewa yake rayuwa. Dole nauyi ya sauka. Sinadarin tayirod, wanda wani ƙullutu a wuya ke fitarwa, shi ne ke jan ragamar; tun 1912 wani masani mai suna Gudernatsch ya ciyar da su tayirod suka rikiɗe da wuri, suka fito 'yan mitsi-mitsin kwaɗi. Abin da kike kuka a kai shi ne sakamakon naki.

Mai tambaya: Baba, wasu sun fito da hannu, wasu ko ƙafar baya babu. Kuma rana ɗaya aka ɗebo su.

Tsohon ɗan lab: Nawa ne a kowace roba? Ina kika ajiye su? Zafin ruwan nawa?

Mai tambaya: Ban auna zafi ba, ba ya cikin abin da aka amince min. Robobin abincin kifi suna gindin taga, na alayyahu suna ƙarƙashin rumfa, don nan ne kaɗai Umma ta yarda.

Tsohon ɗan lab: Innalillahi. To ai rana kika gwada, ba abinci ba. Zafin jikinsu na ruwan ne. In ruwa ya ƙaru da digiri 10, ƙona abinci a jikinsu kusan ninkawa yake, su sha oksijin da yawa, su rikiɗe da wuri amma ƙanana. Ga shi ruwan ɗumi bai riƙe iska: wajen miligiram 9 a lita a digiri 20, wajen 7.5 a digiri 30. Cunkoso ma na hana girma.

'Yar Maiduguri: Ke dai gode Allah naki malamin tafiya ya yi. Nawa yana gari amma babi na ɗaya ya shekara a teburinsa. Kuɗin sinadaran Winkler na auna oksijin a ruwa ma daga aljihuna, kuma da na kai sakamako ya ce rubutun ya yi ƙanƙanta.

Mai kifi: Duk wannan turanci ne. Ruwan famfo take sa musu, kulorin ke kashe su. Ni buhun abinci ma yanzu ya fi ƙarfina, kiwon nan sai a hankali.

Mai tambaya: Ruwan rijiya ne, Yaya. Kuma na ce ba na ganin gawa.

Tsohon ɗan lab: Ba za ki gani ba. An haɗo miki da 'ya'yan burduddugi, su nama suke ci, 'yan uwansu suke cinyewa. Ko kuma masu hannu sun haura roba sun tafi. Ki rage ruwa, ki sa dutse, don mai huhu na iya nitsewa. Ki mai da robobin wuri guda, ki sake.

'Yar Maiduguri: Ta sake da me, Baba? Damina ta kusa ƙarewa. Ki rubuta abin da kika samu, ki faɗi matsalar wurin ajiya a babi na biyar.

Mai tambaya: Nagode, amma ni ban ga laifin taga ba, rana ba ta wuce awa biyu a wurin. Kuma ƙanena ya rantse wuri ɗaya ya ɗebo su. Wa ke da tamomita a kusa da Kabuga?

Mai kifi: Gishirin dai.