Na sayi gida kafin in sayar da tsohon, ya maganar haraji?

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min, kaina ya ɗaure. Gidanmu na Kubwa a Abuja shekara 9 muna ciki, na sa shi kasuwa tun azumi har yau allon "na sayarwa" ya koɗe a jikin get, ni kuma na riga na biya kuɗin wani a Lugbe, nan Abuja, da bashin banki mun tare.

Na san da can harajin ribar sayar da kadara kashi 10 ne kuma ana ɗaga wa mutum ƙafa a gidan da yake zaune, to yanzu da sabuwar dokar haraji ta fara aiki Janairun 2026 fa? Tunda na tashi, na Kubwan har yanzu gidan zamana ne a wajen masu karɓar haraji? In na zuba 'yan haya kafin mai saye ya zo zai ɓata lissafin? Wallahi ribar nake jira in rage bashi.