Me PRP ta tsaya a kai, kuma me ya sa aka tsige Balarabe Musa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mu da muka taso bayan Jamhuriya ta Biyu muna jin ana kiran PRP jam'iyyar talakawa, amma ba a cika faɗa mana aƙidarta ba, balle dalilin da ya hana gwamnanta na Kaduna cika shekara biyu a kan kujera. Ina roƙon manyanmu su haska mana.

Tsohon Malami daga Zariya:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Ba za ka fahimci PRP ba sai ka koma ga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950 don yaƙar zaluncin hukumar En'e, wato aikin tilas, da haraji, da ɗaure talaka a kotun alƙali saboda ra'ayinsa. Da Malam Aminu Kano ya kafa PRP a 1978, wannan gwagwarmaya ce ta dawo, da makulli a matsayin alamar jam'iyyar. A 1979 ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, lokacin Katsina na cikin jiharmu ta Kaduna, kuma soke haraji da jangali na cikin ayyukan farko. Wanda ya taɓa ganin magidanci ya kwana a daji don gudun dogarai, ko Bafulatani ya sayar da bijimi don biyan jangali, shi ya san darajar wannan mataki.

Hajiya daga Kawo:
Malam ya faɗi gaskiya, Allah ya saka masa da alheri. Ƙarin da zan yi shi ne, NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, ita ce ke da rinjaye a majalisar dokokin Kaduna, kuma ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinonin Balarabe Musa, har ya yi mulki ba tare da su ba, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. A ganina laifinsa kawai shi ne ƙin raba muƙamai da waɗanda ya zo ya karya ikonsu.

Ɗalibi daga Samaru:
Hajiya, da girmamawa, rikicin cikin gida ma ya taimaka. Kafin tsigewar jam'iyyar ta riga ta dare biyu: 'yan Santsi da ke bayan gwamnonin Kano da Kaduna, da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu, bayan saɓani kan tarurrukan da gwamnonin ke yi da takwarorinsu na jam'iyyun adawa na UPN da GNPP. Saboda haka majalisa ta sami Balarabe Musa ne ba tare da cikakken goyon bayan uwar jam'iyyarsa ba.