Wa ya taɓa kwance injin babur a gida? Ku zo mu ji

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum. Ina da tsohon Yamaha DT 125, irin mai dogayen ƙafafun nan da malaman gona ke shiga ƙauyuka da shi. Na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Tun lokacin dokar hana hawa babur ta 2021 a Kaduna aka jingine shi a zaure, aka daɗe ba wanda ya waiwaye shi. Yanzu yana tashi, amma hayaƙi kamar ana ƙona bola, ga gurnani daga ƙasan injin. Kayan aikina sifana ne, filaya, sukundireba biyu da guduma. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa min abin da ya gani, ba abin da ya ji a majalisa ba.

Mai Walda, Kakuri:
Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa komai nemo kwalin taliya, ka zana siffar murfin injin, duk kusar da ka ciro ka soke ta a mazauninta. Tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ni na zuba nawa duka a gwangwanin madara, ranar haɗawa na ɗaura doguwa a ramin gajeriya, na ci gaba da murɗawa har ta ɓullo ta tsaga jikin injin. Da ba walda ce sana'ata ba da na yi kuka. Kuma ka riƙa ɗaukar hoto da waya duk abin da za ka cire.

Malamin Firamare, Kawo:
Ni a maganeto na sha kashi, wato ƙarfen nan mai juyawa a gefen inji da ke samar da wuta. Na cire noti, ta ƙi fita. Wani maƙwabci ya ce in zura sukundireba ta baya in buga bakin kirankishaf, sandar da take zaune a kai, da guduma. Na buga sau uku, na huɗu bakin ya baje kamar kan tsohuwar ƙusa, noti ya ƙi komawa. Abin da na guje wa kashewa a kan fula, ƙarfen da ake zaro maganeto da shi, na kashe ninkinsa wajen gyaran zaren. Ɗan'uwa, ka ari fula ko ka saya. Ta irin naka mai milimita 27 ce, kuma zarenta bahago ne, hagu ake murɗawa ta shiga.

Tsohon Bakanike, Tudun Wada:
Malam ya faɗi gaskiya, guduma ba ta zuwa kusa da maganeto, har maganaɗisun cikinta duka ke raunana shi. Yaro na Rigasa, hayaƙin nan shaƙa ka ji. In yana warin man giya, kuma man giyar na raguwa, to sil ɗin kirankishaf na ɓangaren kuloci, robar da ke tare mai, shi ne ya bushe, injin ke zuƙe man yana ƙonawa. Babur da ya daɗe a ajiye haka yake yi. Gurnanin kuwa boris ɗin da kirankishaf ke juyawa a kai ne. Kama maganeton ka jijjiga sama da ƙasa, in ka ji motsi ko kaɗan, sai an raba injin biyu.

Don kwance notin kirankishaf ba sai da wani ƙarfe na musamman ba. Cire fulogi, ka juya har fistin ya rufe ramukan silinda, ka tura igiya mai tsabta ta ramin fulogin, ka bar jelarta a waje. Fistin zai danne ta ya tsaya cak. In ka tura tun yana ƙasa, igiyar za ta faɗa ramin salansa fistin ya datse ta, na ga wanda ya yi haka.

Boris kuma kada ka buga shi. Alminiyon ya fi ƙarfe buɗewa da zafi, kusan ninki biyu. Ka ɗumama ɓarin injin har in ka ɗiga ruwa ya yi cuu, shi kuma boris ya kwana cikin sanyi. Da kansa zai faɗa mazauninsa.

Maman Yara, Barnawa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku riƙa gaya musu su nemi izini. Na dawo daga biki na tarar maigida ya ɗora babbar tukunyar tuwona a kurfoti, rabin inji na tafasa a ciki. Boris ɗin kuma ya ƙulle a leda ya cusa cikin kular ƙanƙarar da nake sayar da zoɓo, don ranar ba wuta. Gaskiya ya shiga ba duka, ina tsaye na ji ƙarar zamansa. Tukunya dai har yau ƙanshin baƙin mai take, ta koma ta wanki.

Ɗan Mando:
Nawa CG 125 ne. Na wasa bakin bawul da guntun tiyo, na cusa a jelar bawul ɗin ina murzawa da tafin hannu kamar maburgi. Na zuba kananzir na bar shi, bai tsiyaya ba. Tazarar bawul 0.08 na milimita, inji na sanyi, maganeto a kan alamar T.

Tsohon Bakanike, Tudun Wada:
Madalla, amma nasa ba shi da irin waɗannan bawul ɗin, kada ka rikita shi. Abin da zai kula da shi kibiyar da ke kan fistin, salansa take kallo. Sannan akwai ɗan ƙaramin tsinke a cikin kowane ramin ringi, bakin ringin a kansa yake haɗuwa. In bai zauna daidai ba ka danna silinda, ringi zai karye.

Malamin Firamare, Kawo:
Batun ɗaure kusoshi, ni da sikelin rataya na auna. Kusar milimita 6 wajen 10 Nm na ƙarfin ɗauri take so. In tsawon sifanarka santimita 25 ne, ka rataya sikelin a ƙarshenta ka ja a miƙe har ya nuna kilo 4, ka kai ke nan.

Mai Walda, Kakuri:
Malam, wannan lissafin ai sai ku 'yan alli. Ni yatsu biyu nake sa wa sifana, in sun gaji na tsaya.

Malamin Firamare, Kawo:
Yatsun da suka tsaga inji?

Ɗan Rigasa:
Na dawo da rahoto bayan sati uku. Baba ya canka, sil ne da boris. Fula na aro wajen wani abokin yayana. Silinda kam na ga zane a cikinta da farce ke kamawa, na kai Panteka aka yi borin, wato aka faɗaɗa ramin da milimita 0.50, na sayi fistin ɗin da ya dace kafin a fara don su auna da shi. Kirankishaf ma na ba su suka duba, suka ce lafiyarsa lau.

Kuskure biyu na yi. Na fara haɗawa a tsakar gida, iskar hunturu ta taso, duk abin da na shafa wa mai ya koma kamar an barbaɗa masa ƙuli. Sai da na sake wankewa da kananzir na koma ɗaki. Na biyu, kilif ɗin fistin ya kuɓuce daga filaya. Allah ya sa na toshe bakin injin da tsumma, a kai ya faɗa.

Ya tashi a kik na biyar. Sai dai ina ganin kumfar iska a siririn tiyon da ke kai man inji daga famfon mai zuwa injin, shi ya sa na kashe.

Tsohon Bakanike, Tudun Wada:
Ka kyauta da ka kashe. Akwai ƙaramar kusa a jikin famfon, kwance ta ka bar mai ya zubo har kumfa ta ƙare, ka mayar. Tankin farko kuma ka gauraya ɗan man a cikin fetur, ka bar shi yana aiki a hankali har tiyon ya cika. Kada ka hau titin Zariya kana gwada gudu, zagaya unguwa tukuna.